Zai Zama ko Yâ Zama? Gardamar Ƙwallon Kwando a Unguwar Klemat

Duk ɗalibin da ya yi nazarin nahawun Hausa ya san harshen yana da hanyoyi biyu na ambaton abin da bai riga ya auku ba. Akwai lokaci na gaba na ɗaya, wanda kowa ya saba da shi: zan, za ka, za ki, zai, za ta, za mu, za ku, za su, za a. Akwai kuma lokaci na gaba na biyu, wanda ɗalibai da yawa ke haddacewa saboda jarrabawa su watsar da shi da zarar an fito: nâ, kâ, kyâ, yâ, tâ, mâ, kwâ, sâ, â, kowanne da dogon wasali da karin sauti faɗau. A cikin aji, bambancin nan yakan yi kama da ƙaƙalen malamai. A wata majalisar shayi ta unguwar Klemat a birnin Njamena kuwa, a kansa aka ƙare daminar 2025 ana ja-in-ja, ko da yake babu wanda ya ambaci nahawu cikin masu gardamar. Su a saninsu zancen ƙwallon kwando suke yi, da makomar wani saurayi ɗan Sudan ta Kudu mai suna Khaman Maluach.

Larabcin Chadi shi ne harshen titi da kasuwa a Njamena, Faransanci kuma na makaranta da ofis. Amma Hausawa sun daɗe a garin. Da yawansu jikokin fatake ne da mahajjatan da suka biyo hanyar Borno da ƙafa, suka yada zango tun garin yana amsa sunan Fort-Lamy, kafin a sauya masa suna a 1973. Idan suka haɗu ya-su-ya-su, Hausa suke yi, da ɗan barbaɗin Larabci da Faransanci. Ƙwallon ƙafa ya fi komai cin kasuwa a hirarsu, domin Chadi ba ta cikin ƙasashen da suka yi suna a ƙwallon kwando, duk da ta halarci gasar Afirka ta 2011 a Madagaska. Saboda haka masu sha'awar wasan sukan ari 'ya'yan maƙwabta su mai da su nasu. Kamaru tana tsallaken ruwa, ana hango garin Kusiri daga bakin kogi, don haka Joel Embiid da Pascal Siakam tamkar 'yan gida ne. Maluach ma da wannan ido aka dube shi: dogo, baƙi, ɗan ƙasar da ta san yaƙi da gudun hijira kamar yadda Chadi ta san su.

An haife shi a Rumbek ranar 14 ga Satumba, 2006, amma a Yuganda ya tashi, a unguwar Kawempe ta Kampala, inda danginsa suka nemi mafaka. Bai fara wasan ba sai da ya kai kimanin shekara 13, bayan ya halarci wani sansanin horo da Luol Deng, tsohon ɗan wasan Chicago Bulls, ya shirya. A 2021 aka ɗauke shi a makarantar horar da matasa ta NBA da ke Saly a ƙasar Sanigal. Yana shekara 16 ya buga wa ƙasarsa gasar cin kofin duniya ta 2023, yana 17 ya je wasannin Olamfik na Faris a 2024. Daga nan ya yi shekara guda a Jami'ar Duke ta Amurka. A daren 25 ga Yuni, 2025, lokacin zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, sunansa ne na 10 da aka kira. Houston Rockets ce ta zaɓe shi, sannan ta miƙa shi ga Phoenix Suns a cikin cinikin da ya kai Kevin Durant Houston. Sa'ar da ya miƙe a zauren taron na Brooklyn hawaye na zuba a fuskarsa, dare ya riga ya raba a Njamena. Kafin la'asar, hoton ya zagaye wayoyin majalisar.

Wanda ya fi kowa ɗaukar zancen da zafi wani saurayi ne mai shagon sayar da wayoyi. Shi a bakinsa babu kokwanto.

“Wallahi zai zama gwani,” in ji shi. “Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Shekara shida kacal daga ranar da ya fara taɓa ƙwallo zuwa yau. Wane ne ya taɓa yin wannan gudu?”

Yana da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Tsawon Maluach ya haura mita 2 da santimita 15, bakin kwando kuwa mita 3 da santimita 5 ne daga ƙasa, ta yadda in ya miƙa hannu yana tsaye saura ƙiris ya taɓa shi. Ana koya wa mutum jifa, ana koya masa gudu, amma ba a koya masa tsawo. A Duke, cikin kowane jifa 100 da ya yi, kimanin 71 sun shiga. Jifan da ake ba wanda aka yi wa ƙeta ma, wanda dogaye da yawa ke kunyata a kansa, yakan ci wajen uku cikin huɗu, alamar hannunsa yana da laushi. Mai wayoyin yakan kawo misalin Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, wanda shi ma bai fara wasan ba sai yana kimanin shekara 15, aka zaɓe shi na ɗaya a 1984 a gaban Michael Jordan, ya kuma ci kofin NBA sau biyu, a 1994 da 1995. Yakan tuna wa jama'a wasan sada zumunta na Landan a watan Yulin 2024, inda Sudan ta Kudu, da Maluach a cikinta, ta sa Amurka ta sha da ƙyar da ci 101 da 100.

Abokin karawarsa wani malamin lissafi ne na makarantar sakandare, mutum mai sanyin murya wanda ba ya yarda da magana sai da lamba.

“Ƙanena, bi a hankali,” yakan ce. “Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.”

Malamin ya ce a duba abin da ke bayan lambobin. Maki 8.6 Maluach yake samu a kowane wasa a Duke, kuma akasarin jifan nan da ake yabo a gindin kwando aka yi su, abokan wasa irin su Cooper Flagg suna cilla masa ƙwallo sama shi kuma yana dannawa. A wasan kusa da na ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka, ranar 5 ga Afrilu, 2025, Jami'ar Houston ta fitar da Duke da ci 70 da 67, kuma a cikin fiye da minti 20 da ya yi a fili, dogon nan bai cafe ko ƙwallo ɗaya da ya kuskure kwando ba. Samarin jami'a ne suka ture shi a ranar. A NBA kuwa ƙarti zai tarar. Sannan a daren da aka zaɓe shi ɗin, Phoenix ta sayo Mark Williams daga Charlotte, wanda gurbi ɗaya suke bugawa kuma ya riga shi gogewa. Ina zai sami mintocin da zai koyi aiki?

Babban makamin malamin shi ne Hasheem Thabeet, ɗan Tanzaniya, mai tsawon mita 2 da santimita 21. Shi ma a makare ya fara wasa, shi ma ya yi fice a jami'a wajen kaɗe ƙwallon abokan gaba. A 2009 Memphis ta zaɓe shi na biyu, a gaban James Harden da Stephen Curry. Kafin kakarsa ta farko ta ƙare aka tura shi ƙaramin rukuni, kuma zuwa 2014 zamansa a NBA ya ƙare da matsakaicin maki biyu da 'yan kai a kowane wasa.

“Dogo da hankali dace ne,” in ji malamin, “dogo da sa'a ma haka.”

Mai wayoyin ya mai da martani da Siakam: ɗan Duwala, wanda sai na 27 aka zaɓa a 2016, shi ma aka tura shi ƙaramin rukuni, amma bayan shekara uku ya ɗauki kofin NBA da Toronto Raptors, ƙungiyar da Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, yake shugabanta a lokacin. Malamin ya yi murmushi ya ce ai wannan hujjarsa ce aka ara. In na biyu zai iya ɓacewa, na 27 ya zama gwani, to lambar zaɓe ba ta tabbatar da komai. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Ya ƙara da Ulrich Chomche, wani ɗan Kamaru da ya fito daga makarantar nan ta Saly, aka zaɓe shi na 57 a 2024, rauni a gwiwa ya katse masa kakarsa ta farko.

Akwai mutum na uku a majalisar, wani tsohon tela da ya yi almajirci a Kano tun yana yaro, ya dawo da Hausar da ba ta gauraya sosai ba. Bai san dokokin wasan ba, bai kuma damu ya sani ba. Duk lokacin da aka matsa masa ya faɗi ra'ayinsa, amsarsa ɗaya ce:

“Yâ yi, in ƙafa ta bar shi, in ya sami mai koya masa, in kuɗi bai ruɗe shi ba. Mâ gani.”

Ɓangarorin biyu duk sun ɗauki wannan a matsayin zillewa. Mai wayoyin yakan ce, “Baba, ka fito fili mana, zai yi ko ba zai yi ba?” Tsohon yakan girgiza kai ya ci gaba da kurɓar shayinsa.

A nan ne ya kamata ɗalibi ya tsaya ya saurara da kyau, domin tsohon bai zille ba. Ya zaɓi lokacin da ya dace da abin da ya sani ne. Mai cewa “zai zama” ya yanke hukunci, ya ɗora nauyin maganar a wuyansa. Mai cewa “ba zai zama ba” shi ma hukunci ya yanke, sai dai ya juya masa baya. Mai cewa “yâ zama” kuwa yana nufin hanya a buɗe take, alamu sun nuna, zuciya ta karkata ga aukuwar abin, amma akwai sharuɗɗan da ba a hannun mai magana suke ba. Shi ya sa wannan lokaci yake yawan zuwa bayan “in” ko “kowa”, kamar a karin maganar nan: kowa ya daɗe yâ ga daɗau, kowa ya ci ladan kuturu yâ yi masa aski. Shi ne kuma lokacin gargaɗi, kamar yadda uwa ke ce wa ɗanta mai wasa da wuƙa, “Kâ yanke!” Ba ta ce lalle zai yanke ba, ba ta kuma ce wataƙila kawai ba. Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, ya laƙaba wa wannan lokaci sunan Ingilishi mai nufin abin da ke da ikon kasancewa. Abin sha'awa, wannan kalmar dai ita ce masu farautar 'yan wasa a Amurka ke rubutawa a kan samari irin su Maluach. Abin da Phoenix ta saya a daren nan, “yâ” ne.

Akwai wani tarko da rubutu ke ɗana wa mai karatu. A daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa ba a nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka “ya zama gwani” a kan takarda yana iya zama labarin abin da ya riga ya faru, yana kuma iya zama “yâ zama gwani”, abin da ake sa rai. Kunne ne ke rarrabewa, ido ba ya iyawa. Irin wannan ruɗani wayar hannu take jefa masoya wasa a ciki. Tsakanin Phoenix da Njamena akwai tazarar awa takwas. Wasan da aka fara da ƙarfe bakwai na yamma a can, ƙarfe ukun dare ne a nan. Kaɗan ne ke iya raba dare su kalli wasa daga farko har ƙarshe. Abin da ke isowa da safe gutsattsarin bidiyo ne na minti ɗaya ko biyu, an tsince wuraren da yaro ya yi bajinta an zubar da inda aka ture shi, da inda ya tsaya a gurbin da ba nasa ba, da dogon zaman da ya yi a benci. Mai kallon irin wannan yakan ga “yâ zama” ya karanta “ya zama”.

Sai kuma wata ƙa'ida da ke da amfani a nan. Lokaci na gaba na biyu ba ya shiga jimlar dangantaka, ba ya kuma bin kalmar tambaya irin su wa da me. Ana cewa “yâ zo”, amma ba a cewa “wanda yâ zo” ko “wa yâ zo?” Dole a koma ga na ɗaya: wanda zai zo, wa zai zo? Ma'ana, muddin aka bar zancen a sake, harshe yana ba mutum damar ya yi tsammani ba tare da ya yi rantsuwa ba. Da zarar aka ce a nuna mutum guda da yatsa, wannan dama ta kuɓuce. NBA tana da ƙungiyoyi 30, kowace da cikakkun gurabe 15, wato 450 ga duniya baki ɗaya, kuma kimanin mutum 60 ake zaɓa a shekara. A ce wani yaro daga Afirka yâ shiga, magana ce mai sauƙi, kusan kowace shekara ma tana tabbata. A ce wane ne zai shiga, nan gizo ke saƙa.

Wannan tambaya ta biyu ba ta tsaya a kan Maluach ba, domin mai wayoyin yana da ɗan 'yar'uwa, maraya, ɗan shekara 15, wanda ya kusa mita biyu. Yaron yana aji a sakandare, yana kuma wasa da yamma a wani filin siminti da kwandonsa ba shi da raga. A cikin wannan damina wani mutum da ke kiran kansa wakilin 'yan wasa ya gan shi, ya ce yana da hanyar kai shi waje, amma sai an biya kuɗin tafiya da na takardu. Kuɗin ba za su samu ba sai an sayar da filin da mahaifin yaron ya bari a bayan gari, kuma tafiyar tana nufin barin makaranta. Sai a lokacin jama'ar majalisa suka gane abin da ya sa kawun yaron yake kare Maluach kamar ɗan cikinsa. Duk “zai zama” da ya faɗa a kan ɗan Rumbek, rabinta a kan ɗan gidansu yake faɗa.

Malamin lissafi bai yi masa dariya ba. Ya ɗauki takarda ya jera sunayen da aka yi ta ambata tun farkon damina, ya rubuta wa kowa makarantarsa: Olajuwon, Jami'ar Houston; Embiid, Kansas; Siakam, New Mexico State; Thabeet, Connecticut; Maluach, Duke. Wanda ya yi nasara da wanda bai yi ba, duk ta ƙofar aji suka bi. Makarantar Saly ma zaɓar yara take yi bayan ta gan su a sansanonin horo, kuma ana karatu a cikinta tare da wasa. Ya tuna masa cewa Embiid, wanda aka zaɓa na uku a 2014, kaka biyu cur ya yi bai buga wasa ba saboda karaya a ƙafa, kafin ya zama gwarzon NBA a 2023. In ƙafar mai miliyoyin daloli da likitoci a kansa tana iya tsayar da shi shekara biyu, ina ga yaron da ba shi da kowa a baƙuwar ƙasa, ba fili, ba takardar shaida?

Kawun bai sauka daga ra'ayinsa ba, kuma shi ma yana da gaskiyarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maluach yana 14 aka ɗauke shi. Yaron da ya kai 18 bai sami horo na ƙwarai ba, ƙofa ta kusa rufewa. Ya ga masu takardar digiri suna tuƙa babur a titunan Njamena. A ganinsa, karatun ma “yâ” ne, ba “zai” ba, kuma babu wanda ya iya musa masa wannan.

Hukunci dai ba a majalisa yake ba, yana hannun uwar yaron. Da ƙanenta ya je mata da maganar a karo na uku, ta bar shi ya gama, sannan ta ce:

“Auta, na ji. Ban ce yaron nan ba shi da rabo ba. Amma ba na cinikin biri a sama. Fili na marayu ne, ba a taɓa shi. In mutumin nan da gaske yake, ya zo ya gaya mini sunan makarantar da sunan mai ita, Malam ya bincika. In akwai sansanin da ake gwada yara a bainar jama'a, ko a Kamaru ne, in an yi hutu ka kai shi, ni zan biya kuɗin mota. Wanda ya ga yana da amfani yâ neme shi.”

Wakilin bai dawo da sunan makaranta ba. Kawun ya yi fushi na 'yan makonni, ya daina zuwa cin tuwon dare a gidan yayarsa, daga baya ya sayo wa yaron takalmin wasa, da ƙyar aka sami lambar da ta shige shi. Malamin lissafi ya karɓi aikin duba masa darasi ranar Asabar. Da aka koma makaranta a watan Oktoba, yaron ya koma ajinsa, yana zama a bencin baya saboda kada ya tare wa sauran allo. A wannan watan ne kuma aka buɗe kakar NBA, Maluach yana da shekara 19 da wata ɗaya, sunansa a jerin 'yan wasan Phoenix a bayan waɗanda suka girme shi.